Me Gwamnati Za Ta Yi wa Matasa Bayan Rabon Keken Ɗinki?

"Assalamu alaikum Malam. Shekara uku ke nan da na gama bautar ƙasa, har yanzu ba aiki. Kowace gwamnati ta zo sai ta ƙaddamar da shirin tallafa wa matasa, a raba kekunan ɗinki da babura, a ɗauki hoto, bayan wata shida ka nemi shirin ka rasa. Shin a sauran ƙasashe ma haka ake yi? Kuma in da gaske ake, me ya kamata gwamnatoci su yi don matashi ya samu madafa?" (Daga wani matashi a Zariya)

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya kawo maka mafita ta alheri. Tambaya biyu ka haɗa wuri guda: ko mu kaɗai ke fama da wannan hali, da kuma ko akwai abin da aka gwada a wani wuri aka ga ya yi amfani. Ta farko amsarta gajera ce, ba mu kaɗai ba ne. Ta biyun ce za ta ja mu. Aikina ya daɗe yana kai ni cibiyoyin koyar da sana'a da shagunan masu sana'ar hannu, kuma wani ɓangare na aikin shi ne bin sawun waɗanda aka horar bayan an gama bikin yaye an watse, a ga abin da suka zama. Abin da na fahimta daga nan, wanda binciken ƙasashe da dama ya ƙarfafa, shi ne yawancin gwamnatoci suna kallon matashi a matsayin shi ne ke da naƙasu, wai ba shi da sana'a ko ba shi da himma, sai su yi ta ƙoƙarin gyara shi. Alhali babban giɓin yana can wajen masu ɗaukar aiki da masu sayen abin da matashin zai samar. Su ne suka yi kaɗan.

Girman al'amarin

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a 2023 kashi 13 cikin 100 na matasa 'yan shekara 15 zuwa 24 da ke neman aiki ba su samu ba, kusan mutum miliyan 65 ke nan, kuma wannan shi ne adadi mafi ƙanƙanta cikin shekara 15. Amma a 2023 ɗin dai, matashi ɗaya cikin biyar a duniya ba ya aiki, ba ya makaranta, ba ya koyon sana'a, kuma biyu cikin ukun waɗannan mata ne. A nahiyarmu, Bankin Raya Afirka ya ƙiyasta cewa matasa miliyan 10 zuwa 12 ke shiga neman abin yi kowace shekara, ayyukan albashi da ake samarwa kuwa kimanin miliyan 3 ne.

A Najeriya alƙaluman suna iya rikita mutum. A ƙarshen 2020 hukumar ƙididdiga ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. Da ta sauya ma'auni a 2023, ta bi tsarin da ke lissafa duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya faɗo zuwa 4.1. Mutane sun yi ta faɗa a kan wannan, amma ni abin da na ɗauka daga ciki daban ne. Talaka ba shi da halin zama ba aiki. Dole ya fita ya tura baro, ya yi tallan ruwan leda, ya ja Adaidaita Sahu na wani. Sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba su da takardar ɗaukar aiki, ba fansho, ba inshora. Don haka matsala biyu ce. Akwai taka, ta mai digiri da ke jiran gurbi. Akwai kuma wadda ta fi ta girma nesa ba kusa ba, ta yaron da ke aiki daga asuba zuwa isha amma abin da yake samu bai isa ya kama ɗaki ba balle ya yi aure. Gwamnatin da ta tsara shiri ɗaya don su biyun ta riga ta kuskure hanya.

Me ya sa horo da rabon kaya ba sa kai mu ko'ina

A 2017 wani masanin tattalin arziki na Bankin Duniya, David McKenzie, ya tattara sakamakon gwaje-gwajen shirye-shiryen koyar da sana'a da aka yi a ƙasashe masu tasowa. Abin da ya samu shi ne, cikin kowane mutum 100 da aka ba horo, waɗanda suka samu aikin da ba za su samu ba in ba don horon ba, ba su kai uku ba. Kuma ana kashe dala 1,000 zuwa 2,000 a kan kowane mutum. A Faransa kuma an gwada taimaka wa matasa masu takardun makaranta wajen neman aiki, aka ga waɗanda aka taimaka sun ɗan fi samu, amma galibi guraben da suka samu na wasu matasan ne da ba a taimaka ba, musamman a yankunan da aiki ya yi ƙaranci. Wato an sauya wanda ke gaban layi ne kawai, guraben ba su ƙaru ba.

Na ga irin wannan da idona. A horar da 'yan mata masu yawa ɗinki a unguwa ɗaya, a lokaci ɗaya, na tsawon mako shida, a ba kowacce keke. Unguwar kuwa da ma tana da teloli da suka shekara goma suna aiki, kuma su ma sai da azumi da sallah suke ganin cinikin kirki. Wa zai ɗauki shaddarsa ya kai wa wadda ta yi mako shida tana koyo? In ka dawo bayan shekara, wasu kekunan suna ƙarƙashin gado, wasu an sayar da su an yi maganin mahaifiya ko an sayi buhun masara. Ban taɓa ganin laifin yarinyar da ta sayar ba. Ta yi lissafi ne, kuma lissafinta daidai ne. Laifin na wanda bai tambayi kasuwa abin da take buƙata ba kafin ya sayo kekunan.

Sai batun zaɓen waɗanda za su amfana. A shirye-shirye da dama da na duba, ana raba gurabe ne tsakanin masu faɗa a ji, kowa ya kawo sunayen yaransa. Wani ma yana da aikinsa, alawus ɗin kawai ya zo karɓa. Wannan yana kashe shiri tun kafin a fara, kuma yana koya wa matasa cewa hanyar samu ita ce bin ɗan siyasa.

Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya fi waɗannan tsari, domin ta intanet aka nema, kuma kuɗin na shiga asusun mutum kai tsaye. An ɗauki mutum 200,000 a rukunin farko, 300,000 a na biyu, ana biyan naira 30,000 a wata, da yawansu suna koyarwa a makarantun firamare. Ya rufa wa gidaje da yawa asiri, wannan ba a musu. Rauninsa shi ne ƙofar fita. Da aka sallami rukunan biyu a tsakiyar 2020, mafi yawa sun koma inda suka fito, ga makarantun da suka koyar a ciki har yanzu suna kukan rashin malamai. Da an tsara tun farko cewa wanda ya nuna ƙwazo zai samu horon koyarwa da takardar shaida, jihohi kuma su ɗauka daga cikinsu, da shekarun nan ba su tafi haka ba.

Inda kuɗi ya yi aiki

Kada ka ɗauka ina cewa ba da jari ba shi da amfani. Ɗaya daga cikin shirye-shiryen da masana ke kafa hujja da su a duniya a Najeriya aka yi shi, wato YouWiN, wanda aka ƙaddamar a 2011 zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. Gasa ce ta tsarin kasuwanci. Kusan mutum 24,000 suka nema a zagayen farko, 1,200 suka yi nasara, kowane ya samu abin da ya kai kimanin dala 50,000 a matsakaici, ana biya kashi-kashi, sai ka nuna ka cika sharaɗin kason farko kafin a sakar maka na gaba. Masu duba takardun ba sa ganin sunan mai nema. Kuma fiye da 700 daga cikin masu nasarar da ƙuri'a aka fitar da su daga waɗanda suka kai matakin kusa da ƙarshe, abin da ya ba da damar a kwatanta su da takwarorinsu da ƙuri'ar ba ta faɗa musu ba. Bayan shekara uku aka ga kasuwancin waɗanda suka samu ya fi ɗorewa, kuma yiwuwar su kai ga ɗaukar ma'aikata goma ko fiye ta ƙaru da sama da maki 20 cikin 100.

Ka lura da abin da ya bambanta shi. Ba a raba kuɗi kaɗan-kaɗan ga kowa don a ce an taɓa mutum dubu ɗari ba. An nemo waɗanda za su iya zama masu ɗaukar wasu aiki, aka ba su abin da zai isa. Yana da iyakarsa: sai mai intanet da iya rubuta tsarin kasuwanci da Turanci ne zai shiga, don haka maƙerin Tudun Wada da ya fi kowa iya aikinsa ba ya ciki, kuma mata sun yi ƙaranci har sai da aka ware musu zagaye na biyu. Amma waɗannan abubuwa ne da za a gyara, ba dalilin binne shirin ba ne don gwamnati ta sauya.

A arewacin Yuganda kuma, a 2008, gwamnati ta ba ƙungiyoyin matasa kuɗi hannu, kusan dala 380 ga kowane mutum, su biya kuɗin koyon sana'a su sayi kayan aiki da kansu. Mutane sun yi zaton za a cinye. Bayan shekara huɗu abin da suke samu ya fi na waɗanda ba a ba ba da kashi 38 cikin 100. Sai dai bayan shekara tara waɗancan sun kamo su a kuɗin shiga, ko da yake waɗanda aka ba sun fi tara kadara kuma sun fi zama a sana'o'in ƙwarewa. Darasin a nan shi ne ƙaramin jari yana gaggauta wa matashi tafiya da wasu shekaru, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma ba ya faɗaɗa kasuwar da yake ciki.

Jamus da Panteka

Duk taron da aka yi kan matasa sai an ambaci Jamus, kuma da dalili. A can yaro da ya gama makarantar sakandare zai iya ƙulla yarjejeniya da kamfani ko shago, ya yi kwana uku ko huɗu a mako a wurin aiki, sauran a makarantar sana'a, na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, ana biyansa. Sana'o'in da aka amince da su sun haura 300, dokar da ke tsara su ta kafu tun 1969, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a ne ke shirya jarrabawar ƙarshe. Takardar da ya samu a Hambug za a karɓe ta a Miyunik. Ƙasashe da yawa sun yi ƙoƙarin kwafa sun kasa, domin sun gina makarantu amma ba su da kamfanonin da za su ɗauki yaran su biya su.

Abin da ke ba ni takaici shi ne muna da rabin wannan tsari a hannu, ba mu daraja shi ba. Je ka Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Kantin Kwari. Dubban yara ne ke koyon walda, kafinta, gyaran mota, gyaran waya da kasuwanci a hannun iyayen gidansu, ba tare da gwamnati ta kashe sisi ba. Uba ya kai ɗansa ya damƙa amana, yaro ya fara da shara da aike, a hankali a ba shi sifana, har ranar da za a yaye shi. Wannan ita ce babbar makarantar sana'a a ƙasar nan, haka a Nijar da Gana. Tana da nata aibin: wani maigidan ya riƙe yaro shekara bakwai bai koya masa komai ba sai wanke kayan aiki, wani kuma abin da ya sani ya tsaya a motocin da aka daina yi, ga na zamani sai da na'urar gwaji ake gano ciwonsu. Yaron da aka yaye kuma ba shi da wata shaida, in ya bar garinsu sai ya sake farawa daga ƙasa.

Nan ne kuɗin gwamnati zai yi tasiri. A sabunta wa iyayen gida iliminsu, a samar musu da na'urorin da za su yi tarayya a kai. A ba yaro kuɗin mota da na abinci don kada yunwa ta kore shi ya koma acaɓa. A ware masa kwana ɗaya a mako na karatu da lissafi da ka'idar aikin. A kuma yi masa jarrabawa ta aiki da hannu, a ba shi takardar da kamfanin gine-gine a Abuja zai yarda da ita. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa ta fara wannan da tsarin tantance ƙwarewa, har ta yi aiki da masu sana'ar Panteka, amma abin bai kai ko kusa da yawan masu buƙata ba. Wani gwaji a Yuganda ya nuna muhimmancin takardar: an kwatanta waɗanda suka koyi aiki a shago da waɗanda suka yi wata shida a cibiya suka fito da shaida. Duka sun amfana da farko, amma masu shaidar ne ribarsu ta ɗore, domin in aiki ya ƙare a wuri ɗaya suna iya samun wani.

Tarayyar Turai ta bi wata hanyar a 2013, lokacin da rashin aikin matasa ya haura kashi 50 cikin 100 a Sifen da Girka. Ƙasashen suka yi alƙawarin cewa duk ɗan ƙasa da shekara 25 zai samu tayin aiki, ko ƙarin karatu, ko koyon sana'a cikin wata huɗu da barin makaranta ko rasa aiki, a 2020 kuma aka faɗaɗa zuwa 'yan ƙasa da 30. Ba zan ce mu kwafa ba, domin yana buƙatar ofisoshin samar da aiki da suka san kowane matashi da sunansa, da baitulmali mai ƙarfi. Abin ɗauka a ciki shi ne wa'adin. An mayar da abin haƙƙi mai lokaci, ba alfarmar da ake jira daga wani ba.

Manufofin da ba a rubuta "matasa" a kansu ba

In aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya fi duk shirye-shiryen ma'aikatar matasa tasiri, wutar lantarki zan zaɓa. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000. Mai walda da ke ƙona ribarsa a janareta ba zai ɗauki yaro na biyu ba. Masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa a Kano sun taɓa ɗaukar dubban mutane, kuma rashin wuta da kwararowar kayan waje na cikin abin da ya durƙusar da su. Haka kuɗin ruwa: a ƙarshen 2024 ma'aunin Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin 100, wanda ke nufin ƙaramin ɗan kasuwa ba zai kusanci bashin banki ba, ga kuma da yawa daga mutanenmu da ke guje masa saboda riba, abin da ke nuna buƙatar faɗaɗa bankunan da ba sa ta'ammali da ita. Sai harajin da ake bin mai shago da shi ta ko'ina, na ƙaramar hukuma daban, na jiha daban, na masu tsayawa a hanya daban.

Akwai kuma abin da gwamnati ke rushewa da hannunta. Lokacin da Kano ta hana acaɓa a farkon 2013 akwai dalilin tsaro na gaske, Legas ma ta kawo nata dalilan a 2020 da 2022. Amma duk dokar da za ta raba dubban matasa da abincinsu ya kamata ta zo tare da amsar ina za su koma. A Tunisiya, ƙwace kayan tallan wani saurayi mai sayar da kayan marmari, Muhammad Bu'azizi, a Disambar 2010, shi ya kunna wutar da ta ci gwamnati.

Tushen kuma yana firamare. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan yara tara cikin goma 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta. Na sha ganin yaro mai basira a gareji wanda ya tsaya cak don ba ya iya karanta abin da na'urar gwaji ta nuna. Ba horon wata uku da zai cike wannan. A sama kuma, yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 ya cinye wa ɗalibai kusan shekara guda ta rayuwarsu.

Game da 'yan mata, waɗanda su ne mafi yawan waɗanda ke zaune ba karatu ba aiki, abin da na gani yana hana su kammala horo ba rashin sha'awa ba ne. Nisan wuri ne, da kuɗin mota, da rashin mai riƙe jariri, da kuma rashin zama da iyaye ko miji tun farko a fahimtar da su. Inda aka kai horon cikin unguwa, aka sa mata su koyar, aka daidaita lokaci da aikin gida, kusan duka suke gamawa. Bangaladash ta fara biyan 'yan matan karkara ɗan alawus don su zauna a sakandare tun 1994, kuma ta kai ga 'yan mata sun kamo maza a yawan shiga.

Murya da ɗorewa

A Mayun 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya rage shekarun takara: shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Nasara ce da matasa suka yi fafutukarta da kansu. Amma a 2022 jam'iyyar APC ta sa fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na majalisar wakilai miliyan 10, PDP kuma ta sa na shugaban ƙasa miliyan 40. Ko da rangwamen da aka yi wa matasa, wa ke da wannan in ba ɗan wani ba ko yaron wani? Gwamnatocin da suka ƙi sauraro ta ƙofa sun ji ta titi. A Kenya matasa sun tilasta wa Shugaba Ruto janye dokar haraji a Yunin 2024. A Bangaladash rikicin kason guraben aikin gwamnati ne ya kai ga Firaminista Sheikh Hasina ta bar ƙasar a watan Agustan 2024.

Ya kamata in faɗa maka iyakar duk abin da na lissafa. Gwaje-gwajen nan an yi su ne a kan dubbai, kuma abin da ya yi aiki ga mutum dubu yana iya raunana in an kai shi ga miliyan. Babu kuma shirin da zai yi tasiri a ƙauyen da 'yan bindiga suka hana noma, ko a shekarar da tsadar kaya ta cinye jari kafin a juya shi. Kai kuma da ke riƙe da digiri, gaskiya ita ce aikin gwamnati ba zai ɗauke ku duka ba a kowace ƙasa, sai kamfanoni masu zaman kansu sun yawaita sun girma, wannan kuwa aikin shekaru ne.

Shi ya sa nake ganin gyaran da ya fi sauƙi kuma aka fi gudu shi ne na doka. Bautar ƙasa da ka yi tana nan tun 1973 domin doka ce ta kafa ta, da kasonta a kasafin kuɗi, YouWiN da SURE-P, shirin da aka kafa da rarar kuɗin tallafin man fetur, kuwa sun tafi da gwamnatin da ta kawo su. Duk shirin matasa da za a kashe wa kuɗin jama'a, majalisa ta kafa shi da doka, a wallafa ka'idar zaɓe da sunayen waɗanda aka zaɓa, inda masu cancanta suka fi gurabe yawa a jefa ƙuri'a a bainar jama'a. Sannan a wajabta wa wata hukuma da ba ita ta gudanar da shirin ba, kamar hukumar ƙididdiga ko wata jami'a, ta nemo waɗanda suka amfana bayan shekara biyu, ta faɗa wa majalisa mutum nawa ke kan sana'ar, nawa suke samu a wata, mutum nawa suka ɗauka aiki, kafin a saki kuɗin zagaye na gaba.